Zancen Na'ura Da Na'ura

A Abuja ne tashar da ke kula da tauraron ɗan-adam na NigComSat-1R take. An harba shi daga ƙasar Sin a watan Disamba na 2011, ɗauke da kayan ƙara wa lissafin GPS inganci. A nan ne kuma hedkwatar hukumar sojan da ke kula da sararin samaniya take. To, amma tauraro rabin aiki ne. Sauran rabin yana hannun soja a fagen daga, wato cikin 'yar na'urar da ke karɓar saƙo daga sama.

Ita wannan na'ura takan saurari taurarin GPS huɗu ko fiye, masu shawagi a nisan kilomita 20,200, ta fitar da wurin da take da ainihin lokaci. Ba ta riƙe wa kanta labarin. Takan aika shi ta igiyar waya zuwa rediyo ko kwamfutar taswira, jumla bayan jumla. A tsarin da ake kira NMEA 0183, jumlar takan ƙare da lambar tantancewa, domin mai karɓa ya gane in wani harafi ya zube a hanya. Takan kuma buga ƙyas sau ɗaya kowace daƙiƙa, domin rediyoyin da ke sauya zango su sauya tare. Ita ma takan karɓa: a loda mata mabuɗin sirri, madubin auna nisa kuma ya ba ta nisa da kusurwa, ta lissafa inda abokin gaba yake.

Amma fa na'ura ba ta da hankali. Ran 5 ga Disamba 2001, kusa da Kandahar ta Afganistan, wani sojan Amurka ya lissafa wurin mayaƙan Taliban, sai batir ya mutu. Da ya sa sabo, na'urar ta koma nuna inda ita kanta take. Lambobin nan aka ba jirgin B-52. Bam ya sauka kan masu kiransa, sojan Amurka uku suka mutu tare da 'yan Afganistan da dama, Hamid Karzai ya ji rauni.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Saboda haka ya kamata manyan hafsoshi a Abuja su riƙa tunawa sayen na'ura bai wadatar ba, sai an horar da mai riƙe da ita ya duba lamba a taswira kafin ya aika. Bam in ya bar jirgi ba ya komowa.