Ƙamshi ko ƙauri: darasin da ke cikin finjalin shayin Tebaram

Masu iya magana sun ce abincin wani gubar wani. A ƙasar Adar, in amarya ta kawo tuwo yana ƙauri, ranar nan sai ta sha magana wajen uwar miji. Amma a Turai da Amurka akwai masu sana'ar giya da ke neman ƙaurin nan da gangan, su ɗura shi cikin kwalba, su sayar da shi da tsada ga masu abin hannu.

Giyar da ake magana a kanta, imperial stout ake kiranta. Asalinta birnin Landan ne, a ƙarni na 18, lokacin da ake aika ta zuwa fadar Katarina ta Biyu, sarauniyar Rasha. Baƙa ce wuluk, mai kauri, kuma ƙarfinta yakan kai kashi 10 cikin 100 ko fiye, wato ninki biyu na Bière Niger wadda kamfanin Braniger ya riƙa yi a Yamai kafin a rufe shi a 2019. Masu son ƙauri suna busar da tsiron sha'ir bisa hayaƙin icce, kamar yadda mutanen Bamberg ta ƙasar Jamus suka gada, sa'annan su ƙara mata ganyen shayin Lapsang Souchong, wanda ake shanyawa bisa hayaƙin wani icce mai ƙaro a duwatsun Wuyi na lardin Fujiyan, cikin ƙasar Sin.

Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su kusantar giya, domin addini ya hana, kuma ba tallarta ake yi ba. Abin lura shi ne yadda masu ɗanɗana ta ke yi. Sukan zuba kaɗan, su dubi launi da kumfa, su sunsuna, su kurɓa, sa'annan su yi shiru su saurari abin da ya saura a maƙogwaro: ɗacin kofi, zaƙin cakulan, da hayaƙin da ke biyo baya. Sau da yawa an rubuta a jikin kwalba irin iccen da aka ƙona da ƙasar da ganyen ya fito. Mai saye ya san abin da ya biya.

Wanda ya taɓa yada zango a Tebaram, yamma da Tawa, bisa hanyar da ke zuwa Filinge ta Sanam, ya san cewa wannan ilimi ba baƙo ba ne a can. Gari ne da manomi da makiyayi ke haɗuwa, Ba'adare da Buzu da Bafillace, kuma ciniki ba ya faɗawa sai an ɗora buta. Ganyen daga ƙasar Sin yake zuwa, shi ma, amma kore ne, ba a yi masa hayaƙi ba. Ya shigo ta Maroko, inda shan sa ya yawaita a tsakiyar ƙarni na 19, ayarin raƙuma suka ratso Sahara da shi. Manyan ƴan kasuwa da lamba suka san shi, irin su 41022 da 9371, amma mai sha da harshe ya san shi.

A dubi dattijon da aka miƙa wa finjalin farko. Yakan ɗaga shi ya ga ko ruwan ya yi duhu garau ko ya yi dagwalo, ya ga ko kumfa ta tsaya ko ta kwanta nan take. Yakan kai hanci kafin ya kai baki. Na farko da ɗaci da bauri yake zuwa, domin sinadarin tanin da ke cikin ganye, dangin wanda ke cikin ƴaƴan bagaruwa da majema ke gyara fata da su, a tafasar farko yake fita da yawa. Na biyu ya fi sauƙi, na ukku kuwa sukari ya rinjaya, har yara ake ba. Daga kurɓa ɗaya dattijon zai faɗi ko ganyen ya kwana biyu a kanti, ko ruwan rijiyar yana da kanwa, ko kuma an yi gaggawa wajen dahuwa.

Inda ya rabu da Bature shi ne wajen hayaƙi. Bature so yake hayaƙi ya cika baki. Mutumin Adar kuwa ɗan ƙamshin garwashi kawai yake nema, abin da ya wuce haka ƙauri ne, kuma aibi ne ga mai dahuwa. Dalilin a fili yake. Gawayin da ya ƙonu sarai ba ya hayaƙi, sai zafi mai ɗorewa. Wanda aka kwashe da wuri, ko aka yi da ɗanyen icce, da sauran mai da ruwa a jikinsa, su ne ke tashi su shiga shayi sa'ad da ake juya shi daga buta zuwa finjali. In kuma da leda aka hura wutar, kamar yadda samari da yawa ke yi, to warin roba ya shiga hanci da ƙirji gaba ɗaya. Shi ya sa masana ke auna gawayi a hannu: mai nauyi, mai ƙara in an ƙwanƙwasa, irin na ƙirya da maƙera suka fi so, wanda daga kudu yake zuwa.

A nan ne zancen ya wuce na daɗin baki. Ƙaurin da ke yawaita a finjali labarin daji yake bayarwa: busasshen icce ya yi wuya, masu gawayi sun koma ga ɗanye. Tun daga shekarun 1990, da fadodin samari suka bazu daga Damagaram zuwa sauran garuruwa, murhun waya ba ya mutuwa a ƙofar gida, a tasha, a bakin ofis. Kowane murhu ɗan kaɗan yake ci, gaskiya ne, kuma tukunyar tuwo ta fi shi cin icce. Amma ta hanyar gargajiya sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na icce kafin a samu kilo ɗaya na gawayi, kuma mai gawayi gindin itaciya yake nema, ba ƙirare ba. A arewacin Adar, inda damina ke da rowa, kandili ko aduwa da aka sare yau sai shekaru masu yawa kafin wata ta kai girmanta.

Adar ta san kuɗin wannan. Ta ga farin 1973 da na 1984. Ta ga aikin Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, inda mata suka kwashi duwatsu a ka, aka dasa miliyoyin itatuwa don a tsai da ƙasa da ruwa. Doka ma ba ta yi shiru ba. Ta 1974 ta sa gawo da aduwa da bagaruwa cikin itatuwan da ba a sarewa sai da izini, kafin ta 2004 ta maye gurbinta. Ta 1992 ta kafa kasuwannin icce na karkara, don ƙauye ya ci amfanin dajinsa ya kuma tsare shi. A 2020 aka tabbatar wa manomi haƙƙinsa bisa itatuwan da ya raya a gonarsa ta hanyar sassaben zamani.

Abin da ya rage shi ne abin da Bature ya rubuta a jikin kwalbarsa: asali. Buhun gawayi yakan iso kasuwar Tawa ba suna, ba gari, ba wanda ya tambaya. Ya kamata ɗan kasuwa ya nemi takardar gandun daji kafin ya yi lodi, ya ware mai kyau daga marar kyau, ya sa wa kowanne farashinsa. Masu sha da suka san bambanci za su biya. Ya kamata ma'aikacin gandun daji da na komin su sa ido a inda ake haƙa ramin gawayi, ba a shingen hanya kaɗai ba. Gidan ma'aikaci kuma, tunda matatar SORAZ ta soma fitar da iskar gas a 2011, yana iya mai da tukunya bisa gas, a bar wa buta ɗan gawayin da ya dace da ita.

Mai karatu da aka miƙa wa finjali gobe ya ji ƙauri, kada ya tsaya ga zagin yaron da ya dafa. Ya tambayi inda aka sayo gawayin, da iccen da aka sare. Allah ya sa a gane.