Sayen Jirgi Ba Wuya, Riƙe Shi Ne Aiki

Na san wani zai ce, me ya haɗa ɗan Daura da jirgin ruwa, mu da ko babban kogi ba mu da shi? Ku yi haƙuri ku bi ni, 'yan uwana ɗalibai, maganar za ta dawo gida.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Elder Dempster na Ingila ya sa jiragen fasinja uku a kan hanyar Libaful zuwa Legas. Accra ya fara aiki a 1947, Apapa a 1948, sai babbansu Aureol a 1951. A Gilasgo aka ƙera Aureol, tsawonsa ya haura mita 160, da injinan dizal biyu, fari fat, har da wurin ninkaya a samansa. Fasinja ɗari uku da 'yan kai yake ɗauka, yana tsayawa a Firitawun da gaɓar Gana, tafiyar kusan mako biyu. Ban zo yabon zamanin mulkin mallaka ba fa. Yawancin ɗakunansa na ajin farko ne, kuma tun asali jami'an Turawa da manyan 'yan kasuwa aka yi wa lissafi. Abin da ya ja hankalina shi ne tsawon ransa.

Jirgin sama ya zo ya kwashe fasinjoji. Aka sayar da Accra da Apapa kafin 1970, Aureol ya ci gaba shi kaɗai har 1974. Amma da yake jikinsa da ƙarfi, wani attajiri ɗan Girka, John Latsis, ya saye shi, ya sa masa suna Marianna VI, ya kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikata. Sai a 2001 aka farfasa shi a Alang ta Indiya. Shekara hamsin ke nan cif daga ƙera shi.

To mu duba namu. An kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, a 1959. A ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin fetur, gwamnati ta sayo masa sababbin jiragen dakon kaya 19 daga Koriya ta Kudu da Yugoslabiya, aka raɗa musu sunayen kogunan ƙasar nan. A 1995 aka rufe kamfanin. Bashi ya yi masa katutu, har ana tsare jiragensa a tashoshin ƙasashen waje, saura kuma sun lalace a tsaye. Jiragen da ba su cika shekara ashirin ba!

Za a ce shugabanci ne ya kashe NNSL, ba rashin kanikawa ba. Gaskiya ne. Za a kuma ce kasuwa ta canza, duniya ta koma dakon kwantena. Wannan ma haka ne. Amma ai Aureol ma kasuwarsa ta mutu. Bambancin shi ne, da ta mutu, akwai abin sayarwa, don an riƙa shiga da shi wurin gyara a kan lokaci, ana kankare tsatsa, ana canza abin da ya gaji tun kafin ya karye. Mugun shugabanci kuwa, kuɗin gyara yake fara cinyewa, domin ba a yanka kintinkiri ranar da aka canza mai a inji.

Ga inda maganar ta shafe mu. Tun Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda kamfanin Mota-Engil ke yi, kuma zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin nan. Kowa na ɗokin ranar da zai ji kukan jirgi. Ni tambayata ita ce, in 'yan kwangila sun naɗe kayansu sun tafi, wa zai riƙa bin layin yana duba ƙusoshi, yana kwashe yashin da iska ta tara a kan dogo, yana gyara sigina in ƙurar hunturu ta toshe ta? Wannan aikin masu difloma ne, wato mu. In ba a horar da mu tun yanzu ba, wallahi ko dai a riƙa ɗauko masu gyara daga waje da dala, ko a bar taragai su bi sahun jiragen NNSL.

Don haka ina kira ga ƙungiyar ɗalibai da abu biyu. Na farko, ta haɗa kai da hukumar makaranta a rubuta wa masu aikin layin, a nemi gurabe na musamman ga ɗaliban injiniya su yi aikin koyon sana'a a wurin, tun ana shimfiɗa dogon. Wanda ya ga yadda aka ɗaura abu, shi zai iya kwance shi. Na biyu, mu fara daga kanmu. A kafa kwamitin ɗalibai mai littafi, ya rubuta kowace fanka, famfo da soket na ɗakunan karatu da kwanan ɗalibai, da ranar da aka duba su, a riƙa kai wa sashen gyara rahoto duk wata. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Ni saura mini 'yan watanni in karɓi takardata. Ku 'yan aji ɗaya, ku jirgin zai fi iskewa a nan. Ranar da aka zo neman ƙuri'unku a zaɓen ƙungiya, ku tambayi ɗan takara abin da ya shirya a kan wannan, kafin ku karɓi fostarsa.