Motar Damina Da Tafin Raƙumi

A watan Agustan da ya gabata wani abokina, malamin makarantar sakandare mutumin Dingyaɗi, ya same ni da wata shawara. Motarsa ta kafe sau biyu a cikin laka, a kan hanyar da ke zuwa gonarsa da ƙauyen surukansa, saboda haka ya ƙudurta sayar da ita, ya ci bashi ya sayi wadda injinta ke juya tayoyi huɗu duka, wato wadda direbobi ke kira fowil. Na hana shi, kuma ina so in bayyana wa ɗalibai da malamai dalilina, domin akwai darasin kimiyya a ciki.

Da farko dai mu ƙirga kwanaki. Daminarmu daga Yuni take zuwa Satumba, ruwan kuma ya fi ƙarfi a Agusta. Babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal kwalta ce. Da na matsa wa abokin nan, sai ya amsa cewa ranakun da laka ke tare shi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Sauran kwanakin shekara kuwa zai riƙa jan ƙarin ƙarafa da giyoyi a ƙarƙashin mota, masu nauyi, masu shan mai, masu neman makanike. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne ga mai albashin koyarwa.

To, me ke kafe mota? Ni masanin halittu ne, don haka raƙumi zan kira ya ba da shaida. Raƙumi ya fi doki nauyi, amma a cikin rairayi doki ne ke nutsewa. Sirrin yana tafin ƙafa. Tafin raƙumi faffaɗa ne mai taushi, idan ya taka sai ya baje, nauyin ya rarrabu a kan fili mai faɗi. Kofaton doki ƙarami ne mai tauri, sai ya huda ƙasa. Haka taya take. Abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba, kuma a kan waɗannan tafuka huɗu motar ta dogara gaba ɗaya. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke rage iskar taya kafin su shiga rairayi, su mayar da ita idan sun hau kwalta. Sun mai da kofato tafin raƙumi ke nan, ko da ba su taɓa shiga ajin kimiyya ba.

Laka kuwa wata aba ce daban. Ƙwayoyin yumɓu ƙanana ne ƙwarai, ba su kai milimita 0.002 ba, suna riƙe ruwa a tsakaninsu su zama santsi kamar sabulu. Zanen da ke jikin taya aikinsa ya kori ruwa da laka gefe, ya sami abin cizo. Taya da ta suɗe ba ta da haƙora, ko huɗu ne ke juyawa, a banza suke juyawa. Da na duba tayoyin abokina, na Beljiyam ne, sun yi sumul. Kowace taya tana ɗauke da lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, alal misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Nasa sun haura shekara goma.

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe hanya, lardin Kwibek na Kanada ya wajabta tayoyin hunturu tun 2008. Taya doka ta kama, ba ta tilasta wa kowa sayen fowil ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ruɗin da fowil ke sa wa direba. Tana taimakawa wajen tashi da hawa, amma ba ta ƙara kome wajen tsayawa, domin kowace mota birkinta a tayoyi huɗu yake. Mai fowil sai ya ga ya wuce inda wasu suka kafe, ya ƙara gudu, ya zo kwana a kan santsi da mota mai nauyi. Mafi muni shi ne ƙoramar da ta kawo. Ruwa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya nauyinsa kilo 1,000 ne. Idan ya kai cikin mota sai ya fara ɗaga ta kamar kwalekwale, tayoyi su rabu da ƙasa, daga nan kuwa injin ba shi da sauran magana. Ƙoramunmu na damina sukan janye bayan 'yan sa'o'i, wanda ya jira a bakin gaɓa shi ke kwana gida.

Ban ce fowil ba ta da rana ba. Malamin gona da ma'aikacin lafiya da ke ratsa fadama kullum, su Hilux ta dace da su, domin tana da giya mai jan hankali ta musamman da kuma tsawon ƙafa. Amma a lura, yawancin ƙananan motocin da ake tallatawa da sunan fowil tayoyin gaba ne ke jansu, sai sun zame kafin na baya su karɓa, kuma ba su da waccan giya. Tsawon ƙafar ma sau da yawa shi ne maganin, don mota kan kafe ne idan cikinta ya zauna a kan tudun tsakiyar hanya. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tayoyin baya kaɗai ke tura ta, amma babu ƙauyen da iyayenmu ba su shiga da ita ba.

Abokina dai ya sayi sababbin tayoyi huɗu, da shebur, da igiyar ja, da famfon iska na ƙafa. Ranar da aka kwana ana ruwa kuwa, yakan bar motar a gida ya hau babur ɗin ƙanensa.