Kafin ka haɗa kifaye a ruwa ɗaya

Makon jiya na je gida Rawayau, sai wani ɗan ƙanena da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya miƙo mini wayarsa. Hoton wasu ƙananan kifaye ne cikin akwatin gilashi, wani ruwan goro da ratsin fari uku, wani ja wur, wani baƙi. Ya ce, "Baba, ranar da na samu hali, kowane launi sai na sayi ɗaya na haɗa su wuri guda." Na ce masa, "Ɗana, ashe filin dambe za ka buɗe."

Turawa sun laƙaba wa wannan kifi sunan da ke nufin wawan sarki, saboda adonsa da rangajinsa, kuma fim ɗin Finding Nemo na 2003 ne ya yayata shi a duniya. Nau'insa ya kai kimanin 30, duk a ruwan gishiri na Tekun Indiya da na Fasifik da Bahar Maliya. Babu shi a Atilantika, ko a gaɓar Legas ba a kama shi. Gidansa wata halitta ce mai kama da fure, mai yatsu masu dafi, wadda ke harbin sauran kifaye amma majinar jikinsa ta kare shi.

A kowane gida akwai tsari. Mafi girma ita ce mace, mai bi mata shi ne mijinta, sauran ƙanana ba sa haihuwa, layi suke jira. In macen ta mutu, da ikon Allah sai mijin ya rikiɗe ya zama mace, na bayansa ya gaje shi. Kifin da rayuwarsa ta rataya a kan gida ɗaya da muƙami ɗaya ba ya ganin ɗan wani nau'i a matsayin baƙo, abokin gaba yake gani. A teku wanda aka kora yana da wurin gudu. A akwatin gilashi kuwa bango huɗu ne. Shi ya sa masu kiwonsa ke ba da shawarar a ajiye biyu kacal 'yan nau'i ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya girma. Jan nan mai ƙaya a kumatu, wanda kan kai santimita 17, ya fi kowa faɗa, yakan bi ƙaramin ruwan goro da cizo, ya hana shi ci har ya mutu. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Kurfi da kifin teku, alhali ko wutar da za ta riƙe famfon akwatin dare da rana ba mu da ita? Gaskiya ne. Amma kuskuren ɗan nawa, wato zaɓen kifi da ido ba da sanin hali ba, shi ne ke cin jarin matasanmu a kwamin kifi da tankin roba da ke bayan gidaje.

Na san wani maƙwabci da ya zuba 'ya'yan tarwada manya da ƙanana a kwami ɗaya, ya yi ta sayen abinci da tsada. Ranar kwasa ya tarar da abin da bai kai rabi ba, ya ɗora wa yaron da ke kula da su laifin sata, har zumunci ya so lalacewa. Alhali ɓarawon yana cikin ruwa. Tarwada takan haɗiye 'yar'uwarta muddin ta shiga bakinta, don haka dole a riƙa ware masu saurin girma a kai a kai, musamman a makonnin farko.

Karfasa kuwa matsalarta haihuwa. Tana fara ƙwai tun tana ƙarama, uwa ta goya 'ya'ya a baki, kafin ka farga kwami ya cika da 'yan firit da ba sa shiga kasuwa. A nan haɗi yana da amfani, amma da lissafi: a bari karfasa ta fi ƙarfin bakin tarwada, sannan a saka tarwada kaɗan ta riƙa rage 'ya'yan. In aka juya tsarin, an yi wa tarwada walima ke nan.

Duniya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa a Tabkin Biktoriya, tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, don a samu babban kifin sayarwa. Ya zuwa shekarun 1980 ya mamaye tabkin, kimanin nau'i 200 na ƙananan kifaye dangin karfasa suka ɓace. Mu ma muna da amanar da za mu tsare, wato Madatsar Ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, masunta da dama na ci daga gare ta. Kada wanda ya gaji da kifin ado ko baƙon iri ya juye shi a can. Abin da aka saka a tabki ba ya kwasuwa.

Saboda haka kafin ka haɗa kifaye, yi tambaya uku: wa ke cin wa, wa ya fi wa girma, kuma ina wanda aka kora zai ɓuya? In amsa ta gagare ka, ga sashen nazarin kiwon kifi nan a jami'ar Dutsin-Ma, ga tsofaffin masuntan Zobe. Matambayi ba ya ɓata.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.