An Rabu da Bukar, An Haifi Habu

A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, matasa a Kano da wasu garuruwan Arewa sun fito riƙe da tutar Rasha, har aka kama telolin da suka ɗinka ta. Tun daga nan wayoyinmu suka cika da hotunan Putin da bidiyon Kyaftin Ibrahim Traore, wasu na gaske, wasu kuwa kwamfuta ce ta ƙera su. Ana ta murna wai zamanin da Amurka ke juya duniya ita kaɗai ya ƙare, masu ƙarfi sun yi yawa. Mu mutanen fadamar kogin Haɗejia tambaya ɗaya gare mu: me yawan iyayen gida ya ƙara wa masuncin Kirikasamma?

Kada a ce muna wanke Turawa. Mun san su tun Afrilun 1906, da sojojin Ingila suka afka wa Haɗejia suka kashe Sarki Muhammadu, wanda har gobe muke kira Mai Shahada. Mun san tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ya karya darajar naira. Mun ga Iraƙi a 2003, mun ga yadda NATO ta rusa Libiya a 2011, makamai suka malalo kudu suka cika dazuzzukan Sahel. Haushin matasanmu yana da tushe. Kuskuren shi ne ɗaukar abokin gabar maƙiyinka a matsayin masoyinka.

A dubi Nijar, maƙwabciyarmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin Faransa sun tattara a Disambar shekarar, na Amurka suka bar sansaninsu na Agadas a 2024. Abin a yaba ne. To amma a Afrilun 2024 sojojin Rasha suka sauka a Yamai, kuma a wannan watan ne gwamnati ta karɓi bashin dala miliyan 400 daga kamfanin man China, CNPC, za ta biya da ɗanyen mai. Kisan ƙauyawa a Tillaberi bai tsaya ba. A Mali, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a Moura a Maris 2022, a samamen sojojin ƙasar da baƙin mayaƙa, lokacin da 'yan Wagner ke aiki tare da su. Wanda aka binne ba ya tambayar launin tutar da ke kafaɗar wanda ya harbe shi.

Yanzu mu dawo gida, inda ɗaki ke mana yoyo. Rayuwar Kirikasamma da Guri da Auyo a kan ruwa take. Da can kogi yakan cika da damina ya shimfiɗu a fadama, a yi shinkafa. Ya janye, a shuka wake da kayan lambu a danshin da ya bari. Masunta su kama kifi, Fulani su sami kiwon rani. Aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992. Ambaliyar shekara-shekara mai kawo albarka ta ragu, ruwa ya koma tsiyaya ba rani ba damina. Abin da kachalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki a gefen Marma, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa. Idan kuma damina ta yi ƙarfi, ruwan ya rasa hanya sai ya shiga gidaje, kamar yadda muka gani a 2020 da 2022.

Wa ya yi mana wannan? Gwamnatocinmu ne suka gina madatsun, hukumar raya kogunan Haɗejia da Jama'are ce ke riƙe da makullinsu. Masana tattalin arziki sun yi lissafi tun shekarun 1990 cewa kowace ɗigon ruwa ta fi kawo amfani a fadama fiye da a manyan filayen noman rani na sama. Ba a saurare su ba, don masu fadama ba su da kujera a inda ake yanke shawara. Da aka tashi gyara, sai aka nufi Bankin Duniya a 2014 aka ciwo bashin kusan dala miliyan 500 na shirin TRIMING. Gobe idan Beijin ko Mosko ce ta ba da bashin, aka sa hannu a Abuja ba tare da sarkin ruwan Likori ya san abin da ke cikin takardar ba, me ya sauya? An rabu da Bukar, an haifi Habu.

Haka batun riɗi da zoɓorodon da Jigawa ke alfahari da su. Suna fita a buhu, ɗanyu, a kan farashin da aka yanke a wata ƙasa. Ko Bature ne mai saye, ko Basine, ko Ba'indiye, manomin da ba shi da rumbun ajiya kuma bashin taki na jiransa dole ya sayar a kaka da araha. Yawan masu saye yana amfanar wanda zai iya cewa a'a ne kawai.

Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta muna ganin wani ɓangaren da ake mantawa. Facebook da WhatsApp da muke zagin Amurka a kansu na kamfanin Amurka ne. TikTok daga China ya fito. Su ke zaɓar abin da zai bayyana a fuskar wayarka, kuma abin da ya fi tunzura ka shi suke turo maka, don a nan ribarsu take. Muna iya gaya maka abin da aka ce a taron BRICS, wanda Najeriya ta zama abokiyar hulɗarsa a Janairun 2025, amma ba mu san ranar da za a saki ruwan Tiga ba. Tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a Baturiya ana ƙirga su duk shekara. Mutanen da ke gefen dajin fa, wa ke aika musu da saƙon cewa ruwa na tafe?

Mun taɓa gwada ƙarfinmu. A Agustan 2023, da ECOWAS ta yi barazanar kai yaƙi Nijar, aka rufe iyaka, kasuwar Maigatari ta yi tsit, sanatocin Arewa sun ƙi amincewa da yaƙi, malamai suka tafi Yamai suka zauna da Janar Tchiani. Ba a yi yaƙin ba, aka buɗe iyaka a Maris 2024. Babu tutar kowa a hannunsu.

Don haka ga abin da muke nema. A riƙa wallafa yawan ruwan Tiga da Challawa da ranar sakinsa, da Hausa, a rediyo da saƙon waya. A ba masunta da manoma da makiyayan ƙasan kogi wakilci a wurin rabon ruwa. Duk yarjejeniyar bashi ko ta filin noma, da ko wace ƙasa aka ƙulla, a karanta ta a bainar jama'a kafin a sa hannu. 'Yan majalisarmu na Dutse da Abuja su amsa mana wannan kafin su dawo neman ƙuri'a.

Manyan ƙasashe za su ci gaba da kokawarsu, kowacce don cikinta. In mun san abin da ke hannunmu, yawansu zai ba mu damar taya farashi. In ba mu sani ba, sai dai a yi cinikinmu muna tafi. Kuɗin da za ka ba tela ya ɗinka maka tutar wani, gara ka sayi lauje mu shiga kachalla.