Tatar Ma Da Imaninsu Suka Hau Doki

'Yan uwa marubuta, wata lalaci ta kama masu rubuta labarin yaƙi a cikinmu, kuma ya kamata mu fasa ƙwan. Idan alƙalami ya zo kan Mongol, waɗanda littattafan malamai ke kira Tatar, sai a zana su kamar kuraye: ba aƙida, ba tunani, sai ƙishin jini. Idan ya juyo kan mahayan da suka fito daga ƙasarmu, sai kowa ya zama waliyyi, ko kallon ganima bai taɓa yi ba. Wannan kirari ne, kuma maroƙi ya fi mu iya shi.

Mongol sun yi imani, imani mai zafi ma. Suna bauta wa Tengri, Sama madawwamiya, sun kuma sakankance cewa ita ta miƙa wa gidan Jangis Khan duniya. A 1246 jikansa Guyuk ya aika wa Paparoma wasiƙa cewa ya zo da kansa ya yi mubaya'a, hujjarsa ita ce nasarorinsu ba za su yiwu ba sai da ikon Allah. A wurinsu wanda ya ƙi sallamawa ɗan tawaye ne ga Sama. Amma ba su tilasta wa kowa addininsu ba, har haraji sukan ɗauke wa malamai da limaman coci. Yaƙin Khwarizm na 1219 kuwa kisan ayarin fatake a Otrar ne ya kunna shi. Halaku da ya rusa Bagadaza a 1258 yana ganin umarni yake cikawa, kuma bai bar taskar Halifa a baya ba.

To, mu dawo gida. Babu mai hankalin da zai ce Shehu Usmanu bai yi jihadin 1804 don addini ba. Rubuce-rubucensa na nan. Sai dai ƙanensa Abdullahi ya bar rundunar a 1807 da niyyar Makka, don ya ga son mulki, dawakai da ƙwaraƙwarai ya shiga zukatan mutane. Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Shehu Laminu na Borno ya ƙalubalanci halaccin yaƙar Musulmi, Muhammadu Bello kuma bai ɓoye wasiƙun ba, ya sa su cikin Infaƙul Maisur. Su da suka riƙe tutar ba su ji tsoron tambayar ba. Mu me muke tsoro?

Mu da ke rubutu daga Kakuri, Barnawa da Makera abin ya fi shafa. Tun rikicin 2000 kogin Kaduna ya zama iyaka, kuma maƙwabtanmu a wannan gaɓar, Gbagyi, Adara, Bajju da Atyap, suna da nasu labarin mahayan Zazzau bayan Malam Musa ya ci Zariya a 1808: harin bayi da gudu kan duwatsu. Da Hausa suke ciniki, da Hausa suke waƙar coci, za su iya karanta mu. Ranar da ɗan Narayi ya buɗe littafinka ya tarar kakarsa ba ta ciki sai a matsayin “arna”, zai rufe shi a shafi na uku, ya je ya faɗa wa wasu goma dalili.