Rubutun da ke hana kwalara ma adabi ne

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, wai mai rubuta wasan kwaikwayon rediyo kan wanke hannu ko allurar rigakafi ba marubuci ba ne, ɗan kwangilar ƙungiyoyi ne kawai. Mu ba mu yarda ba, kuma hujjarmu tana sansanonin 'yan gudun hijira na Gabashin Afirka.

A 1994 gidan rediyon RTLM ya zuga jama'a aka yi kisan kiyashi a Ruwanda, dubban ɗaruruwan mutane suka tsallaka zuwa Ngara a Tanzaniya. A 1995 ƙungiyar Jesuit Refugee Service ta buɗe musu Rediyo Kwizera, ana yi musu magana da harshensu kan tsaftar ruwa, cututtuka da neman dangin da suka ɓace. Akwatin da aka yi ɓarna da shi, da shi aka yi gyara. Bambancin yana wajen masu rubuta abin da za a faɗa.

A Kenya ma haka. An kafa sansanin Dadaab a 1991, Kakuma a 1992. Yunwar Somaliya ta 2011 ta sa mutanen Dadaab suka haura dubu 400, kuma a ƙarshen 2015 kwalara ta ɓarke a can. A waɗannan sansanoni ƙungiyar FilmAid tana koya wa matasan 'yan gudun hijira rubuta labari da ɗaukar fim, sannan a kafa majigi a fili jama'a su kalla. Saƙon lafiya yana fitowa daga bakin maƙwabci, da Somaliyanci ko Dinka ko Suwahili.

Masu raina wannan aiki su gwada shi. Kwalara tana iya kashe mutum cikin sa'o'i. Abin da ke cetonsa kafin a kai shi asibiti sananne ne: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. To, ka sa wannan a bakin wata kaka cikin wasan minti biyu, yadda uwar da ba ta karatu za ta riƙe ma'aunin daidai, ta kuma daina jin tsoron ba yaro ruwa yana amai. Wannan ya fi shafi goma na kwatanta idon budurwa wuya.

Mun san abin da za ku ce: yawancin irin waɗannan wasanni lami ne, wa'azi tsagwaronsa. Gaskiya ne. Amma me ya jawo? Ana rubuta saƙo da Turanci a ofis mai sanyi, a miƙa wa mai fassara, a ce ya juya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganin rubutu maras daɗi shi ne marubuta na gari su shiga, tun daga shafin farko.

Kada mu ɗauka labarin nesa ne. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano har zuwa 2004, cutar ta yaɗu zuwa wasu ƙasashe. Yau akwai 'yan Najeriya a sansanin Minawao na Kamaru, akwai waɗanda suka gudu daga Zamfara da Sakkwato zuwa jihar Maraɗi. Idan ba mu rubuta musu ba, mai jita-jita zai yi, kuma shi ba ya jiran kwangila.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta hirar minti biyu tsakanin uwa da surukarta kan yaro mai gudawa. Kada a sa likita ya zo ya yi lacca. Ku ajiye a ƙasa, mu gyara wa juna. Allah ya ƙara basira.